Yadda Za Ka Yi Wa Babur Ɗinka Sabis A Gida Da Sabunta Fentin Murfin Inji

A yawancin ƙauyukanmu babur ya gaji aikin jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da buhu kasuwa, shi ke ɗauko jarkar ruwa, idan kuma rashin lafiya ta taso cikin dare shi ne motar asibiti. Ranar da ya tsaya, aiki da yawa ya tsaya tare da shi. Kuma ya fi son tsayawa a lokacin da aka fi bukatarsa, wato farkon damina da tsakiyar kaka, lokacin da kuɗin hannun manomi ya riga ya tafi ga iri da taki da 'yan ƙwadago.

Abubuwa uku ke cin babur ɗin manomi fiye da na ɗan birni: ƙura, ruwa da taki. Ƙura na shiga inji ta cinye fistin da ringi. Ruwa na shiga mai da birki. Takin zamani kuwa gishiri ne, yana jawo laima, idan ya zuba a jikin ƙarfe ya kwana sai ya fara cinsa. Shi ya sa za ka ga murfin injin manomi ya yi fari-fari, fenti na ɓarewa, tun babur bai tsufa ba.

Bayanin da ke ƙasa ya shafi ƙananan babura masu inji ɗaya da iska ke sanyaya su, masu ƙarfin cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue, TVS da Honda CG125. Alƙaluman da aka kawo na gama-gari ne. Idan kana da littafin da ya zo da babur ɗinka, abin da ya faɗa shi ne gaba. Ka kuma riƙe tsarin aikin: sabis tukuna, fenti daga ƙarshe. Fenti a kan injin da ke yoyon mai asarar kuɗi ne, cikin 'yan kwanaki zai kumbura ya tashi.

Kayan aikin da ake bukata

- Sifana lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19. A wasu babura ana bukatar lamba 24 don murfin rariyar mai. Mai zobe ta fi mai baki, don ba ta cinye kan noti.
- Sifanar fulogi, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya.
- Tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu tsabta, mazurari da tsohon kwanon tarar mai.
- Baƙin mai sabo, man giya mai lamba 90 don sarƙa, giris, kananzir da omo.
- Gejin auna iskar taya.
- Don fenti: sanfefa lamba 240, 400 da 600, tina, salatif na takarda, tsohuwar jarida, kwali, firaimar alminiyam, fentin gwangwani mai jure zafi, sabon gasket da takunkumi.

Wurin aiki ya zama fili mai inuwa da iska, nesa da murhu da yara. A shimfiɗa buhu ko tamfol a ƙasa, don ƙaramin noti idan ya faɗa cikin rairayi sai an sha wahala kafin a gan shi. Kada a tayar da inji a cikin ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, amma tana kisa.

KASHI NA FARKO: SABIS

1. Wanki

Fara da wanki, domin datti na ɓoye matsala. Bari inji ya huce tukuna, kar ka watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Shafa kananzir da buroshi a inda mai da ƙasa suka daskare, sannan ka bi da ruwan omo ka ɗauraye. Ka kauce wa zuba ruwa cikin salansa, kafireta da akwatin matatar iska. Kada ka yi wanki da fetur, ƙyastu ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Bayan ya bushe, tayar da shi na minti biyar ka duba inda sabon mai ke tsattsafowa. Ka lura da gefen murfin dama, gindin sandar giya, gindin kik da notin juye mai. Ka riƙe wuraren a ranka, za ka dawo kansu kafin fenti.

2. Canza baƙin mai

Wannan shi ne uwar sabis. A irin waɗannan babura, mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, kuma yawansa bai fi lita ɗaya ba. Ka ga kenan da wuri yake gajiya.

- Tayar da inji na minti uku zuwa biyar don man ya tsinke, sannan ka kashe.
- Kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. Sa kwano a ƙasa, buɗe murfin zuba mai, sannan ka kwance notin ƙasa.
- Bari ya tsiyaye sarai. Ɗan karkata babur hagu da dama don ragowar ya fito.
- Idan babur ɗinka na da rariyar mai, ciro ta, wanke da kananzir, busar, ka mayar yadda ka same ta tare da sifirin ɗinta.
- Mayar da noti da wosharsa. Fara ɗaurawa da hannu, sannan sifana. Kar ka hau kansa da ƙarfi, jikin injin alminiyam ne, tiredinsa ba ya jure cin zali.
- Zuba sabon mai. Yawanci tsakanin lita 0.8 ne zuwa lita 1. A wasu injina an rubuta adadin a jikin murfin dama.
- Tayar na minti biyu, kashe, jira kaɗan, sannan ka auna. A yawancin masu sandar awo, goge ta ake yi a tsoma ba tare da an murɗa ba. Masu gilashi kuma ana duba man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa, babur na tsaye sak.

Wane mai? A yanayin zafinmu, mai lamba 20W-50 shi aka fi amfani da shi. Nemi wanda aka rubuta 4T a jiki, in da hali mai alamar JASO MA. Wasu mayukan mota na da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa, sai ka ji inji na ihu babur ba ya gaba. Sayi mai a galan ɗinsa mai hatimi. Man awo da ake durawa a tsohuwar kwalba a bakin hanya, ba ka san abin da ke ciki ba. Araha ba ta ado.

Ka kalli tsohon man kafin ka kawar da shi, yana ba da labari. Idan ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, kuma hakan kan faru bayan an ƙetare rafi ko kwazazzabo mai ruwa. Duk ranar da ka ga haka, canza nan take ko da jiya ka zuba. Idan yana warin fetur, kafireta na zubar da mai cikin inji. Idan ka ga ɓurɓushin ƙarfe mai yawa na ƙyalli, wannan aikin makanike ne.

Kowane yaushe? Littattafan kamfani kan ba da tazarar kilomita dubbai, amma wannan lissafin hanya mai kwalta ne. A hanyar burji da ƙura da kaya mai nauyi, shawara ita ce kowane kilomita 1,000 zuwa 1,500. Idan mitar babur ta mutu, kamar yadda ta mutu a yawancin namu, ka ɗaure da wata: mai fita kullum, sau ɗaya a wata, mai fita jefi-jefi, kar ya wuce wata uku.

Tsohon mai fa, kar a zubar a gona, kusa da rijiya ko cikin kwata. Kar a shafa wa dabba a kan gyambo ko don kashe kaska, guba ne ga fata da jiki. A tara a jarka mai murfi a kai wa masu karɓa a garejin makanikai.

3. Matatar iska

Makanikai na ce mata iyakilina. A ƙasar hunturu, ita ce mai tsaron ƙofar inji. Iri biyu ce. Mai soso: ciro ta, wanke da kananzir, matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kar ta yage, shanya a inuwa, sannan ka ɗiga mata sabon baƙin mai kaɗan ka mulmula har ya ratsa, ka matse rarar. Man ne ke kama ƙurar, busasshen soso rabin aiki yake yi. Mai takarda: ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Kakkaɓe ta a hankali, idan ta yi baƙi ko ta huje a sake sabuwa.

Goge cikin akwatin da tsumma, ka duba robar da ta haɗa akwatin da kafireta. Idan ta tsage, ƙura na shiga ta bayan fage. Wasu na cire soson gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. To, gudun zuwa wajen sayen fistin da ringi ne.

4. Fulogi

Kwance shi inji na sanyi, bayan ka hure ƙasar da ke gindinsa don kar ta faɗa ciki. Kalar bakinsa na nuna lafiyar inji:

- Ruwan ƙasa, a bushe: lafiya lau.
- Baƙi a bushe kamar kunkunniya: fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe.
- Baƙi a jiƙe da mai: ringi ko robar bawul sun gaji, galibi da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa.
- Fari fat: fetur ya yi kaɗan, inji na ɗaukar zafi fiye da kima.

Goge shi da buroshi. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan babura milimita 0.6 ce zuwa 0.7. Wajen mayarwa, murɗa da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Idan ya ƙi shiga da yatsu, ya karkace, warware ka sake. Ajiye sabon fulogi guda a babur kullum.

5. Kafireta da fetur

Fetur ɗin jarka na 'yan bumburutu kan zo da ruwa da yashi. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan kafireta, babur ya riƙa shaƙewa yana mutuwa. Rufe famfon mai, sa kwano, kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta har abin da ke ciki ya zube, buɗe famfo na ɗan lokaci ya wanko, sannan ka ɗaure. Idan famfon na da ɗan kofi a ƙasa, kwance shi ka wanke. Idan dole ka sayi man jarka, tace shi da ƙyalle mai tsabta. Sukuran daidaita iska da fetur kuwa, in ba ka san su ba, bar su yadda suke.

6. Sarƙa

Sarƙar da ta saki kan fita ko ta tsinke, wani lokaci ta fasa jikin inji. Wadda ta ɗaure da yawa kuma tana cin haƙoran sifiroket da boris. Danna ta da yatsa a tsakiyar tsawonta: motsin sama da ƙasa ya zama santimita 2 zuwa 3, kusan faɗin yatsu biyu. Juya taya ka gwada a wurare uku ko huɗu, ka daidaita da inda ta fi tauri. Masu rufaffen gidan sarƙa na da rami mai murfin roba don wannan aikin.

Don ja: sassauta notin ƙarfen tsakiyar taya, murɗa notocin ja na hagu da dama daidai wa daida kana bin zanen da ke jiki, sannan ka ɗaure. Wanke sarƙa da kananzir, bari ta bushe, ɗiga man giya a kowace gaɓa, goge rarar don kar ta kwashi yashi. Idan ka cire makullin sarƙa, rufaffen kan maƙalin ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Idan haƙoran sifiroket sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, canza sarƙa da sifiroket biyun tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa.

7. Birki, kuloci da taya

Bayan jan sarƙa dole a sake duba birkin baya. Matakin ƙafa ya sauka santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. Hannun birkin gaba da na kuloci su yi wasan santimita 1 zuwa 2 a ƙarshensu. Kuloci marar wasa na ƙona faranti. Idan notin birki ya kai ƙarshe kuma har yanzu bai kamawa, shu ɗin birkin ya cinye. Ɗiga mai a cikin kebul, amma kar mai ko giris ya taɓa cikin birki.

Auna iska taya na sanyi. Yawanci ta gaba wajen 25 ce a geji, ta baya 28 zuwa 32 gwargwadon kaya. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana: wanda ya yi ƙarar ƙwal lafiya, wanda ya yi shiru ya saki. Babur ɗin da ke ɗaukar buhu biyu da mutum, sifok ɗin baya ne ke fara kuka.

8. Batir da fitilu

Cire wayar baƙi mai alamar ragi da farko, kuma ita ce ta ƙarshe wajen mayarwa. Idan kawunan sun yi farin gari, wanke da ruwan ɗumi da buroshi, busar, shafa giris kaɗan. Batir mai murafu, ruwansa ya tsaya tsakanin layi biyu; idan ya ragu ƙara ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Gwada fitilar gaba, ta birki, sigina da hon. Ka ƙare da zagaye babur da sifana kana taɓa notocin inji, na kariya da na salansa.

KASHI NA BIYU: FENTIN MURFIN INJI

Murafun gefe, waɗanda makanikai ke kira kaba, na alminiyam ne. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe. Tasa fara ce kamar gari, tana shiga ƙarƙashin fenti ta ɗaga shi, ta bar ƙananan ramuka. Amfanin fenti shi ne ya raba ƙarfen da laima da gishirin taki, ya sa a riƙa ganin yoyo da wuri, ya kuma riƙe darajar babur ranar da za a sayar.

Ka san murafun tukuna. Na dama shi ke rufe kuloci, kuma mai na bayansa. Na hagu na rufe magineto. A babura da yawa kwayil na manne a cikinsa da wayoyi, a wasu kuma akwai mai a ciki. Sai ƙaramin murfin sifiroket ɗin gaba, wanda ya fi sauƙin cirewa. Wanda bai taɓa yi ba ya fara koyo da wannan ƙaramin.

Abubuwa huɗu da ba a taɓawa

- Lambar inji. Tana jikin inji, galibi a gefen hagu. Kar ka goge ta da sanfefa, kar ka cike ta da fenti. Ita ce ke cikin takardun babur, kuma lambar da ta yi kama da an kankare na iya sa jami'an tsaro su ɗauka na sata ne. Rufe ta da salatif.
- Haƙarƙarin kan inji da bulo. Ta nan zafi ke fita. Wanki suke so, fenti mai kauri na toshe su.
- Fuskar da gasket ke zama, ramukan noti, robobin mai da gilashin duba mai.
- Murfin da ya tsage. Fenti ba ya toshe tsaga. A kai wa mai waldar alminiyam ko a sake wani.

Zaɓen fenti

Fentin mai na ƙofa da taga ba ya yi, zafi na sa shi laushi, fetur na narkar da shi. Nemi fentin gwangwani na inji. Yawanci an rubuta yana jure zafi har 260°C, wanda ya ishi murfin gefe da rara. Salansa kuwa nata daban ne, mai jure 600°C ko fiye. Firaima ita ce shafen farko da ke kama ƙarfe, kuma alminiyam na bukatar irin tasa, don fenti ba ya kama shi kai tsaye yadda yake kama baƙin ƙarfe. Karanta jikin gwangwani. In da hali, firaima da fenti su zama na kamfani ɗaya, domin wasu idan suka haɗu sai su yamutse.

Zaɓen rana

Ƙura na manne wa ɗanyen fenti, laima kuma na sa shi dushewa. Saboda haka ranar da hazo ya sauko ko ake iskar hunturu ba ranar fenti ba ce, haka ma tsakiyar Agusta. Bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko ya fi dacewa. Yi da safe bayan raɓa ta bushe, a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura.

A cire ko a bari a jiki?

Idan murfi ba ya yoyo kuma ba ka saba buɗe inji ba, za ka iya yi a jikin babur: rufe komai da jarida da salatif, tanki da taya da kafireta da wayoyi, ka bar murfin kaɗai. Aikin ba zai kai na wanda aka cire kyau ba, amma babu kasada. Kar garin neman gira a rasa ido.

Idan gasket na yoyo, to dama dole a buɗe, sai a haɗa aikin biyu a ranar canza mai:

- Juye mai. Cire kik, kebul ɗin kuloci da duk abin da ya tare hanya. Yi alama a inda kik da sandar giya suke zaune.
- Zana hoton murfin a kwali. Notocin ba tsawonsu ɗaya ba, duk wanda ka ciro soka shi a mazauninsa a jikin zanen.
- Sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan na daura da shi.
- Bubbuga murfin da katako a hankali. Kar ka cusa sukundireba a tsakani ka ɓanɓare, za ka ji wa fuskar rauni ta riƙa yoyo har abada.
- Kula da ƙananan bututun ƙarfe biyu masu daidaita zaman murfi, da wosha ko ɗan ƙarfen kuloci da kan faɗo.
- Rufe buɗaɗɗen injin da leda mai tsabta nan take. Ƙwayar yashi ɗaya a ciki ta fi tsohon fenti illa.

Shiri da fesawa

Mafi yawan aikin fenti a shiri yake. Bi wannan tsari:

1. Wanke da kananzir, sannan da ruwan omo sau biyu, don kananzir ma na barin maiƙo. Kar ka jiƙa alminiyam a ruwan soda ta yin sabulu, cinye shi take yi.
2. Goge da sanfefa 240 har tsohon fentin da ya tashi da farin garin su fita. Bi da 400 da ruwa, sannan 600, har yatsa ya daina jin gaɓa tsakanin tsohon fenti da ƙarfe. Yi wannan nesa da injin da ke buɗe.
3. Ɗauraye ciki da waje, shanya ya bushe ƙarau. Rufe wuraren da aka hana da salatif.
4. Goge da tina a tsumma mai tsabta. Daga nan kar ka sake taɓa fuskar da hannu, maiƙon yatsa na sa fenti ya yi ramuka kamar zanen ƙyanda.
5. Sa takunkumi. Girgiza gwangwani na minti biyu, gwada a kwali. Riƙe shi nesa da murfi kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30.
6. Fesa firaima shafe ɗaya ko biyu marasa kauri. Fara fesawa kafin ka iso kan murfin, ka saki bayan ka wuce shi, hannu na tafiya ba tsayawa.
7. Fesa fenti shafe uku marasa kauri, da tazarar minti 10 zuwa 15, ko yadda gwangwani ya ce. Shafen farko zai yi kamar bai rufe ba, haka ake so. Mai son gamawa a shafe ɗaya, fentinsa hawaye yake yi.
8. Idan ya yi hawaye, kar ka goge da ɗanye. Bari ya bushe sarai, goge da 600, ka jira kwanakin da gwangwani ya faɗa kafin ka sake fesawa.
9. Cire salatif a hankali bayan kamar awa ɗaya. Ajiye murfin a inda ƙura da kaji ba sa zuwa, aƙalla awa 24.

Mayarwa

Kankare ragowar tsohon gasket a hankali ba tare da karce ƙarfen ba. Sa sabon gasket, kar ka maimaita tsoho, kar kuma ka cika gam, don rararsa na ɓallewa ta toshe hanyar mai. Murfin ya zauna da kansa. Idan ya ƙi, wani abu bai hau daidai ba, kar ka jawo shi da noti. Ɗaura notoci da hannu, sannan da sifana a gicciye, a zagaye biyu. Ƙanana ne, ƙarfin wuyan hannu ya ishe su. Zuba mai kafin komai, sannan ka daidaita kuloci.

Fentin inji da zafi yake ƙarasa nuna. Tayar na minti goma, bari ya huce, sake na minti ashirin, bari ya huce, kana duba yoyo. Kar ka gasa murfi a murhun girki ko tanderun burodi. A makon farko ka kiyaye shi daga fetur, omo da gogar takalmi.

Jadawalin tunawa

- Kullum kafin fita: mai, birki, taya.
- Kowane mako: sarƙa, sifok, notoci, a hunturu har da matatar iska.
- Kowane wata: canza mai, fulogi, batir, zubar da ruwan kafireta.
- Bayan ɗaukar taki: wanke babur a ranar. Buhun kilo 50 da ya huje kaɗan ya isa ya ɓata kariya, sarƙa da murfi, don haka shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa.
- Kafin damina da kafin kaka: cikakken sabis.

Abin da za a bar wa makanike

Daidaita bawul, ƙara daga cikin inji, hayaƙi mai shuɗi, kulocin da ke zamewa bayan an daidaita kebul, giyar da ke fita da kanta, tiredin da ya cinye, birki mai amfani da mai, da matsalar waya da ta wuce fis da ƙwan fitila. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma abin da ya fi ƙarfinka a kai wa masu shi tun bai girma ba.

Shawara ga ƙungiyoyin manoma

Ba dole kowa ya mallaki duk kayan nan ba. Ƙungiya na iya sayen akwatin kayan aiki ɗaya da geji, a damƙa wa mutum ɗaya da littafin aro. Ana iya sayen mai da kwali daga dila amintacce, a rage tsada da haɗarin jabu. Gwangwanin fenti ɗaya kan wadatar da murafun babur fiye da ɗaya, sai a haɗu a yi rana ɗaya. Babur ɗin ƙungiya kuma ya samu littafinsa: ranar canza mai, abin da aka saya, da wanda ya yi aikin, domin abin da kowa ke hawa shi ne ba mai duba masa mai. A tsayar da ranar sabis makonni biyu ko uku kafin saukar ruwa, a gayyato makanike ɗaya ya duba na kowa, matasa kuma su tsaya su koya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu a kan hanya.